Murar da ke kayar da ƙato: abin da ya kamata ka sani game da infuluwenza a lokacin noman rani

Idan ka taɓa kwana a Kura, Bunkure ko Kadawa a watan Janairu, ka san yadda asubar wurin take. Hazo ya rufe gari, iska na yankan kunne, amma mai gona ba shi da zaɓi. Ranar da ruwa ya zo layinsa dole ya naɗe wando ya shiga, ko da haƙoransa na kaɗawa. Ruwan nan da ke tasowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke riƙe da alkama da tumatir da albasa da masarar dubban gidaje a Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma ba ya jiran kowa.

A irin wannan lokaci ne za ka ga ƙato, wanda ke saɓa buhun taki ba tare da ya nemi a ɗora masa ba, ya fita gona da safe lafiya ƙalau, kafin la'asar jiki ya ɗau zafi rau, ga rawar ɗari, kai kamar zai tsage, gaɓoɓi kamar an casa shi. Bayan kwana biyu sai matarsa ta kwanta, sai yara. Bayanin da kowa zai ba ka ɗaya ne: sanyi ne ya shige shi, ya daɗe a cikin ruwa. Sai a aiki yaro kemis a haɗo maganin maleriya da kafso da ƙwayar mura.

Amma ka tsaya ka yi tunani. Matar ba ta shiga kanal ba. Jaririn da ke goye bai ma san inda gonar take ba. To me ya kwantar da su?

Sau da yawa amsar ita ce wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira infuluwenza. Daga mutum take zuwa mutum, maganin maleriya da kafso ba sa taɓa ta, kuma mafi yawan waɗanda ta kama suna warkewa da kansu. Haɗarinta yana cikin huhun ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu. Shi ya sa abin da na fi so ka tashi da shi daga wannan rubutu shi ne yadda za ka gane lokacin da jinyar gida ta isa, da lokacin da dole a tafi asibiti.

Suna ɗaya, cuta iri-iri

A Hausa duk abin da ya zo da majina da atishawa mura muke ce masa. A ɗakin gwaji kuwa ba haka abin yake ba. Ƙwayoyin bairos sama da 200 ne ke iya kawo murar yau da kullum, wadda ke shigowa a hankali: maƙogwaro ya fara ƙaiƙayi, hanci ya toshe, ka yi ta fyace majina, amma kana iya zuwa gona kana iya cin tuwonka.

Infuluwenza ba ta sallama. Mutum zai iya gaya maka kusan sa'ar da ta kama shi. Takan zo da zazzaɓi mai zafi, da busasshen tari, da ciwon kai, da ciwon tsoka da gaɓoɓi, da kasalar da ko buta ba ka son ɗagawa. Yara kan haɗa da amai ko gudawa. Daga shigar ƙwayar jiki zuwa bayyanar ciwo yawanci kwana biyu ne, wani lokaci ɗaya, wani lokaci har huɗu. Zazzaɓin kan sauka cikin mako guda, amma tarin na iya kai mako biyu ko fiye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace shekara ana samun kamuwa da ita kusan sau biliyan ɗaya a faɗin duniya. Miliyan 3 zuwa 5 daga ciki na tsananta, kuma mutum 290,000 zuwa 650,000 na rasa ransu ta dalilin matsalar numfashi da take jawowa. A cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke mutuwa saboda ta sauka musu a huhu, kashi 99 cikin 100 a ƙasashe masu tasowa suke. Wato irin namu. Ka ga kenan ba cutar Turawa ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka.

A Najeriya tun 2008 aka fara sa ido a kanta ta hanyar ɗaukar samfurin majina a wasu zaɓaɓɓun asibitoci, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na cikinsu. Abu biyu wannan aiki ya nuna. Na farko, ƙwayar tana yawo a cikinmu. Na biyu, mafi yawan masu zuwa da zazzaɓi da tari ba ita ce ke damunsu ba, wasu ƙwayoyin ne daban. Don haka kada daga yau duk wanda ya yi atishawa ka ce infuluwenza ce.

Me ya sa take dawowa duk shekara?

Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai. In aka jera guda dubu goma, da kyar su cika tsawon milimita ɗaya. Sai a 1933 masu bincike a Landan suka iya ware ta daga jikin mutum. Ba ta iya hayayyafa da kanta, dole sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a hancinka da maƙogwaronka da hanyoyin iskar huhu, ta mayar da su masana'antar buga 'ya'yanta.

A bayanta akwai wasu ƙusoshi iri biyu da masana ke wa laƙabi da H da N. Ƙusar H kamar makulli take, da ita ƙwayar ke buɗe ƙofar ƙwayar halittarka ta shiga. Ƙusar N kuma kamar lauje, ita ke yanke sababbin ƙwayoyin da aka buga su fita su kama na gaba. Sunayen nan da kake ji a rediyo, H1N1 da H3N2 da H5N1, bayanin irin makulli da irin laujen da kowace ke ɗauke da shi ne. Waɗanda ke yawo a cikin mutane kowace shekara su ne H1N1 da H3N2, dukkansu daga rukunin A, sai kuma rukunin B.

Garkuwar jikinka da waɗannan ƙusoshi take shaida ƙwayar, kamar yadda 'yan sintirin unguwa ke shaida ɓarawo da kamanninsa. In da ƙwayar ba ta canza kama, da kamu ɗaya ya ishe ka har tsufa, kamar yadda ƙyanda take. To amma duk lokacin da take buga 'ya'ya tana yin kurakurai, kuma kurakuran nan na sauya fasalin ƙusoshin kaɗan-kaɗan. Bayan shekara ɗaya ko biyu ɓarawon ya dawo da wata kama, 'yan sintiri na kallonsa ya wuce. Dalilin kenan da ya sa wanda ya sha fama bara zai iya sake kwanciya bana.

To ina rawar da sanyi ke takawa?

Iyayenmu ba su yi kuskure ba da suka lura cewa mura ta fi yawa da hunturu. Inda aka samu saɓani shi ne a dalilin.

A 2007 wasu masu bincike a birnin New York sun yi gwaji da ɓerayen Masar. Suka sa masu ɗauke da ƙwayar a keji ɗaya, lafiyayyu a kejin da ke kusa, suna canza zafin ɗakin da laimar iskarsa. Sai suka ga cutar ta fi tsallakawa idan iska ta bushe kuma ɗakin ya yi sanyi. Kusa da mu ma, masu bincike a cibiyar CERMES da ke Yamai sun bi yaɗuwar cutar a birnin tsakanin 2009 da 2010, suka ga tana tafiya da saukar zafin gari. Busasshiyar iska mai sanyi kuwa, ai sunanta hunturu.

Akwai kuma abin da hunturu ke yi wa hancinka. Cikin hanci da maƙogwaro akwai siririyar majina da wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, aikinsu share ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa waje. Idan iska ta bushe wannan shara na raguwa. Ƙara da ƙurar hazo, da ƙaiƙayin da ke tashi a wajen casa da injinan gyaran shinkafa na Kura, da hayaƙin itace da mata masu turara shinkafa ke wuni a cikinsa, sai ka ga ƙofar ta riga ta yi laushi kafin ɓarawo ya iso.

Na uku, kuma mai yiwuwa shi ne babba, sanyi na tara mu wuri ɗaya. A toshe taga da tsumma, a ja ƙofa, mutum shida ko bakwai a ɗaki ɗaya har gari ya waye. Idan ɗaya na ɗauke da ƙwayar, kowane tari da atishawa, har ma magana da numfashi, na watsa ƙananan ɗigo a iskar da sauran ke shaƙa.

Sanyi kenan na share wa cutar hanya, amma in babu ƙwayar, ko ka kwana a kanal infuluwenza ba za ta kama ka ba. Kuma a ƙasashe masu zafi irin namu ana samunta a wasu watannin ma, har da damina.

Yadda take shigowa gari

Lokacin noman rani lokacin cuɗanya ne. 'Yan ci-rani da 'yan ƙwadago na zuwa daga nesa su kwana a cunkushe a shago ko zaure. A kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan dillalai da direbobin da suka taso daga Legas da sauran garuruwan kudu na gogayya da manoma tun safe har dare. Ga motar haya da aka rufe gilasanta saboda iska, ga makarantar allo da ta boko, ga gidan biki da gidan suna. Ƙwayar da ta sauka a bakin titin Zariya ranar Litinin na iya kwana a ɗakin jaririnka kafin Juma'a.

Abin da ke ba ta sa'a shi ne mutum na iya fara yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin ya ji ciwo, ya ci gaba har kwana biyar zuwa bakwai. Kwanaki ukun farko sun fi haɗari, kuma yara ƙanana kan daɗe suna yaɗawa fiye da manya. Hannu ma na ɗaukarta: ka tare tari da tafin hannu, ka ba wani hannu, ya shafa hancinsa ko idonsa.

A yankin ban ruwa, fara da gwajin maleriya

Nan ne yankinmu ya bambanta da sauran wurare. A ƙauyen da ba a noman rani, sauro na raguwa sosai idan damina ta wuce. A Kura da Bunkure kuwa ruwa na kwance a gonaki da ƙananan magudanu kusan duk shekara, don haka zazzaɓin cizon sauro bai san rani ba. Shi ma da zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon kai da ciwon jiki yake zuwa. Ko likita ba zai iya raba su da ido kaɗai ba.

Maganin wannan ruɗani ba shi da wuya: gwajin nan na ɗigon jini a yatsa, wanda ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20. In ya nuna maleriya, a sha maganinta har ƙarshe. In bai nuna ba, shan maganin maleriya asarar kuɗi ce, kuma yana sa a yi sake da ainihin ciwon. Tari da ciwon maƙogwaro da majina sun fi karkata ga infuluwenza, musamman in mutanen gida na kwanciya ɗaya bayan ɗaya, amma mutum na iya haɗa biyun a lokaci guda. Shi ya sa gwajin ke da muhimmanci, ballantana ga yaro da mai ciki.

Ita infuluwenza gwajinta na haƙiƙa sai an ɗauki majina daga can cikin hanci an kai babban ɗakin gwaji. Ba abin da za ka tarar a asibitin sha-ka-tafi ba ne, kuma ga mafi yawan marasa lafiya ba a buƙatarsa.

Jinya a gida

Idan babba ne mai ƙoshin lafiya, gwajin maleriya bai nuna komai ba, kuma numfashinsa daidai yake, abin da yake buƙata kaɗan ne.

Hutu shi ne na farko, kuma na san shi ne mafi wuya. Tumatir ya nuna, kwanduna na jira, ruwa ya zo layi. Amma wanda ya ja jiki ya fita da zazzaɓi yakan tsawaita wa kansa jinya, ya kuma raba wa ma'aikatansa cutar. Kwana uku da ka ba ɗan'uwa ko maƙwabci amanar ban ruwa sun fi sauƙi a kan gona ta tsaya mako biyu saboda duk masu aikinta sun kwanta. Ƙa'idar ita ce a zauna a gida har zazzaɓi ya sauka da kansa, ba da ƙarfin magani ba, na tsawon kwana ɗaya cur.

Sai shan ruwa da yawa, da kunu, da romo. Shayi mai citta da lemon tsami da zuma na sanyaya maƙogwaro ya rage tari, ko da yake ba ya kashe ƙwayar. Kada dai a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono ko da ita ce ke ciwon, ta wanke hannu ta rufe hanci da baki yayin shayarwar.

Farasitamol na sauke zazzaɓi da ciwon jiki. Babba kada ya wuce ƙwaya takwas masu miligiram 500 a kwana ɗaya, yaro kuma gwargwadon nauyinsa ake ba shi. A nan akwai tarko: yawancin ƙwayoyin mura da ake sayarwa a kemis akwai farasitamol a cikinsu. Wanda ya sha su ya ƙara da Panadol ya ninka, kuma yawansa na lalata hanta. Wasu kuma na sa barci, abin da bai dace da mai hawa babur ko mai aiki da inji ba. Asfirin kuwa kada a ba yaro ko matashi mai irin wannan zazzaɓi, yana iya jawo wata mummunar cuta da ke taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Maganin tari na ruwa ba ya amfanar ƙananan yara, mai kodin kuma tun 2018 gwamnati ta haramta shi.

Sirace na buɗe wa wasu hanci na ɗan lokaci, amma tafasasshen ruwa kusa da yaro haɗari ne. Haka kaskon garwashi a rufaffen ɗaki: yana fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci, hayaƙinsa kuma na ƙara wa huhu wahala. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Maganar kafso

Antibayotik, irin su Ampiclox da amoxicillin, bakteriya suke kashewa. Bakteriya halitta ce daban, tana da bango da kayan aikin da maganin ke rusawa. Bairos ba shi da ko ɗaya daga ciki, don haka kafso ba shi da abin da zai kama. Wanda ya sha ya warke a kwana na biyar, dama zai warke a kwana na biyar ɗin. Allura ma haka, ba ta fi ƙwaya ƙarfi a kan bairos ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a kuɗi ba. Manomin tumatir a Kadawa ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Tun da tsutsar nan da ake kira Sharon ta cinye gonaki a 2016, kowa ya ga yadda yawan feshi barkatai ke sa ƙwaro ya saba da magani har ya daina jin sa. Haka bakteriyar jikinka take. Duk kafson da ka sha ba bisa ƙa'ida ba horo kake ba ta, ranar da ɗanka zai buƙaci maganin da gaske sai a tarar ya daina aiki.

Akwai maganin da aka yi domin infuluwenza kanta, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu. Laujen nan na N yake dakushewa, sababbin ƙwayoyi su kasa fita. Ya fi amfani idan an fara cikin sa'o'i 48 na farko, kuma likita ne ke rubuta shi, yawanci ga wanda ciwonsa ya tsananta ko yake cikin masu rauni.

Ƙirga numfashi

Infuluwenza na kisa ne galibi ta hanyar huhu. Ko dai ƙwayar ta sauka can da kanta, ko ta ɗaye shimfiɗar hanyoyin iska bakteriya ta samu ƙofa, a samu ciwon huhu, wato limoniya. A nan ne antibayotik ke ceton rai, kuma ma'aikacin lafiya ne zai tantance.

Masu rauni su ne yara 'yan ƙasa da shekara biyar, musamman 'yan ƙasa da biyu da masu tamowa, da tsofaffi daga shekara 65, da masu ciki da masu jego, da masu asma, sikila, ciwon suga, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki. Irin waɗannan kada a jira, a kai su a duba tun ranar farko ko ta biyu.

Ke uwa, ga abin da za ki iya yi da agogon waya. Ki bari yaro ya natsu, ba yana kuka ba. Ki ɗaga rigarsa ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a cikin minti ɗaya cikakke. Numfashi ya yi sauri idan ya kai:

- 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba
- 50 ko fiye daga wata biyu zuwa wata 11
- 40 ko fiye daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar

In ya kai haka, asibiti a ranar. A tafi nan take, ko da dare ne, idan ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki lokacin da yake jan iska, ko ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko leɓɓansa sun canza launi. Jaririn da bai kai wata uku ba kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa dalili.

Ga babba, alamomin su ne haki ko ƙarancin numfashi, ciwon ƙirji, ruɗewa, kaki mai jini, ɗaukewar fitsari, ko zazzaɓin da ya wuce kwana uku bai sassauta ba. Akwai wata alama da mutane ke yawan rainawa: mutum ya fara samun sauƙi, har ya fito ƙofar gida, sai zazzaɓi ya dawo da tari mai kaki. Sau da yawa limoniya ce ta biyo baya. Tsoho kuma wani lokaci jikinsa ba ya zafi sosai, sai dai ka ga ya daina cin abinci ya shiga sambatu.

A fara da asibiti mafi kusa. In ana buƙatar iskar oksijin ko kwanciya za a tura ku gaba, Babban Asibitin Kura ko cikin birni. Ka kuma riƙe cewa wasu cututtukan na farawa da kamar mura. Wuya ya sanƙare da ciwon kai mai tsanani, a yi zargin sanƙarau. Wuya ya kumbura da farin abu a maƙogwaro, a yi zargin mashaƙo, wadda ta addabi Kano tun ƙarshen 2022. Tarin da ya haura mako biyu, musamman da rama da gumin dare, a je gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Rigakafi

Akwai allurar rigakafin infuluwenza, ana yin ta daga wata shida zuwa sama. Saboda canza kamar da muka yi bayani, sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, Hukumar Lafiya ta Duniya ke duba samfuran da dakunan gwaji na ƙasashe suka tara ta faɗi irin da za a sa a allurar gaba. Shi ya sa ake sabunta ta duk shekara. Tana ɗaukar kamar mako biyu kafin ta fara aiki. Ba ta karewa ɗari bisa ɗari: a shekarar da ta dace da ƙwayar da ke yawo tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60, kuma tana rage tsananin ciwo ga wanda ya kamu. Allurar ba ta sa cutar. Mai ciki da aka yi wa tana kare jaririnta a watanninsa na farko.

Sai dai ba ta cikin jerin rigakafin yara na kyauta a Najeriya. Akan same ta a wasu asibitocin kuɗi a manyan birane. Mai ciwon da ya daɗe, ko maniyyaci, tunda hukumomin lafiyar Saudiyya na shawartar alhazai su yi ta, yana da kyau ya tambayi likitansa.

Abin da ke hannun kowa shi ne katin rigakafin yara. Allurar Penta da ta PCV ba sa hana infuluwenza, amma suna kare yaro daga manyan bakteriyar da ke biyo bayanta su jawo limoniya. Yaron da ya kammala rigakafinsa ya shiga hunturu da sulke.

Sauran matakan ba sa cin ko kwabo. A yi tari ko atishawa a lanƙwasar hannu ko a hankici. A wanke hannu da sabulu in an dawo daga kasuwa, kafin a ɗauki jariri. A buɗe taga da ƙofa da rana iska ta ratsa ɗaki. In da hali, marar lafiya ya kwana daban da jariri da tsoho da mai ciki, ya sa takunkumi, a ware masa kofinsa. Mai mura kuma ya haƙura da zuwa barka, addu'arsa daga gida ta wadatar.

Kajin gida da darasin Marisuwa

Asalin gidan infuluwenza rukunin A tsuntsayen ruwa ne na daji. Yankin da ke da madatsu da gonaki masu ruwa, ga agwagi da kaji da zabi na yawo a tsakar gida, dole ya san wannan. A Fabrairun 2006 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1, a wata gonar kaji a yankin Jaji na jihar Kaduna, ba da jimawa ba aka same ta a Kano. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Ta sake ɓulla a gonakin kajin Kano a 2015.

Murar tsuntsaye ba ta saurin tsallakawa daga mutum zuwa mutum, amma wanda ta kama tana iya yi masa tsanani. Abin da masana ke tsoro shi ne kundin halittar ƙwayar gutsure takwas ne. Idan ta tsuntsu da ta mutum suka haɗu a jiki ɗaya suna iya musayar gutsure, a samu sabon iri da garkuwar kowa ba ta taɓa gani ba. Ta irin wannan hanya aka samu annobar 1957 da ta 1968 da ta 2009.

Mafi muni ita ce ta 1918, wadda ta ci rayuka aƙalla miliyan 50 a duniya. Ta sauka Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na shekarar, ta biyo layin dogo zuwa Arewa. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya. Kakanninmu Marisuwa suka kira ta. Bincike daga baya ya nuna yawancin waɗanda suka mutu limoniyar bakteriya ce ta ƙarasa su, a zamanin da babu antibayotik. Mu muna da shi, in ba mu lalata shi da shan banza ba.

Don haka idan kaji suka fara mutuwa da yawa kwatsam, a bar dabarar nan ta "yanka ta kafin ta mutu". Ba kowace mutuwar kaji ce murar tsuntsaye ba, amma ba ka da hanyar ganewa da ido. Haɗarin yana wajen yanka da figa da gyaran ciki. A hana yara wasa da su, a binne matattun da zurfi ba tare da taɓa su da hannu tsirara ba, kada a jefa su a kanal, a sanar da malamin dabbobi. Wanda ya yi zazzaɓi bayan ya taɓa irin waɗannan kaji ya faɗa wa ma'aikacin lafiya ƙarara.

Hunturu zai dawo, ruwa zai zo layi, kuma za a shiga kanal da asuba kamar kullum. In zazzaɓi ya shigo gidanka, ka fara da gwajin yatsa, ka bar kafso sai an rubuta, ka ba jiki kwanakinsa. Sannan ka zauna kusa da mafi ƙanƙanta da mafi tsufa a gidan, ka duba agogo, ka ƙirga numfashinsu.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa a kwashe amfani lafiya.